Mataccen batir ba a fasa shi a shagona

Tambayar da ka yi mini jiya muna rufe shago ban manta da ita ba. Na ga magariba ta kawo jiki ne, kuma ba magana ce ta tsaitsaye ba. Ka ce matattun batura sun taru a bayan shago, ɗan gwangwan ɗin nan da ke zagayowa ranar Asabar ya gaya maka in muka tsiyaye ruwan, muka fasa robar, muka narka dalmar muka kai masa curi guda, kuɗin kilo ya fi. Ka ce me zai hana, tunda gawayi ba tsada gare shi ba, kai kuma ga ƙarfi. Jawo benci ka zauna, yarona.

Lissafinka na kuɗi daidai ne, kuma ban ga laifinka ba. Fiye da rabin nauyin batirin mota dalma ce, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutane suka koma sola, waɗannan dogayen baturan inbata masu kai kilo 60 sai ƙara yawa suke yi. Wanda duk ya ɗaga ɗaya ya san akwai kuɗi a ciki. Amma ba za mu fasa batir ba, yau ko gobe, muddin ina numfashi a shagon nan.

Ka san batir mai bolt 12 gida shida gare shi, kowane gida na ba da bolt biyu da ɗan ɗoriya, shi ya sa lafiyayye mai cikakken caji mitarka ke nuna 12.6. A kowane gida akwai farantai jere. Farantin nan raga ce ta dalma da aka shafe da wani ƙulli, na ɓangare ɗaya ruwan ƙasa mai duhu, na ɗayan ruwan toka. Batir na tsufa ƙullin nan na zubewa, yana kwantawa a ƙasan gida kamar laka. Ranar da ka girgiza na mai motar Sharon ɗin nan ka ga ruwansa ya yi baƙi, abin da ka gani ke nan. Kowa asid yake tsoro, don asid ba ya ɓoye halinsa: ya taɓa wando gobe ka ga huda, ya taɓa fata ka ji raɗaɗi nan take. Ni lakar nan ce ta fi ba ni tsoro. In ta zube ta bushe sai ta zama gari mai laushi fiye da tokar murhu. Ba wari, ba zafi, ba ƙaiƙayi. Tana bin iska, tana maƙalewa a ƙarƙashin farce, a gashi, a aljihun riga, a tafin takalmi. Kuma dalma ba ta ruɓewa. Ledar da muke kuka da ita ma wata rana za ta dagargaje, amma dalmar da ta shiga ƙasa tana nan har jikokin mai filin, sai dai a kankare ƙasar a kwashe.

Ruwan da ɗan gwangwan ya ce mu tsiyaye, kusan kashi ɗaya cikin uku asid ne, sauran ruwa, kuma ya jima yana jiƙe da dalma. Ina za mu zuba shi? A kwatar nan ta ƙofar shago, wadda yara ke tsallakawa ba takalmi, awaki ke sa baki? Ruwan kwatocin cikin birnin nan na Kano da yawa rafin Jakara yake gangarawa, kuma ka san masu lambu na ban-ruwa da shi a gaba. Latas da alayyahon da ake yi wa ban-ruwa da shi, kasuwa suke dawowa.

Sai narkawar. Dalma na narkewa a ma'aunin zafi 327, wutar gawayi kuwa ta wuce haka nesa ba kusa ba, shi ya sa abin yake da sauƙi har yaro ma zai iya. Amma ragar ce kaɗai ke narkewa a tukunya. Ƙullin, wanda kaso mai yawa na dalmar ke cikinsa, ba ya komawa ƙarfe sai a murhun masana'anta mai zafin da ya kai dubu ko fiye. A wurinka zai taso ne a sama kamar datti, ka kwashe da ludayi ka watsar a ƙasa. Ka ga ka sayar da rabi, ka shuka rabi a bayan shagonmu, ka kuma shaƙi hayaƙin. Kada sunan ya ruɗe ka, don mutane na ce wa tukunyar alminiyom tukunyar dalma, sai a ɗauka duk abu ɗaya ne da ake girki a ciki. Ba ɗaya ba ne.

Ba labari nake ba ka ba, na sha a jikina. Ina kamar shekarunka maigidana, Allah Ya jiƙansa, yakan sa ni narka dalma a gwangwanin madara in zuba sabon kan batir idan na asali ya cinye. Bai sani ba, ba wanda ya sani a layinmu. In na gama sai in goge hannu a riga in ja kwanon garau-garau. Da farko bakina ne ya riƙa ɗanɗano kamar na tsotsi kwabo. Daga baya ciwon ciki mai murɗa, in kwana uku ban zaga ba, ga kasala, ga saurin fushi da ban san kaina da shi ba. An ce shawara ce na sha saiwa, an ce basir ne na sha jiƙo. Manyan layi suka ce in riƙa shan madarar gwangwani tana wanke ƙirji. Har yau ana faɗin haka a wurin masu walda da masu fenti, kuma ba gaskiya ba ne. Cin abinci mai kyau na rage yadda hanji ke tsotsar dalma, amma wadda ta riga ta shiga jini madara ba ta fito da ita. Sai da wani likita ya dube ni ya ce, "Samari, wace sana'a kake yi?" sannan aka gano bakin zaren.

Ni babba ne a lokacin, na tsira da ciwon ciki. Yaro ƙarami ba haka abin yake zuwar masa ba. Jikin yaro na tsotsar dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na babba, ga shi komai ya samu baki yake kai wa, ga ƙwaƙwalwarsa ba ta gama ginuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa. Mai yawa na kawo jijjiga, suma, mutuwa. Kaɗan ɗin kuma yana dakushe kaifin yaro a ɓoye, a kai shi makaranta ya kasa riƙe karatu, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne. Ita dalmar tana kwanciya a ƙashi shekara da shekaru, in mace ta samu ciki ta sake fitowa cikin jini ta isa ga ɗan tayi.

Abin da kake son mu yi, an yi shi a wata unguwa a bakin teku a Dakar ta ƙasar Senegal, ana ce mata Thiaroye. Shekaru mutanen wurin suna fasa tsoffin batura suna narkawa a fili. Da farashin dalma ya tashi, sai mata suka fara ɗebo ƙasar wurin suna kai wa gida suna tankaɗewa don tsince ɓurɓushin, goyo a baya, masu rarrafe a gefe. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka mutu a unguwar. Mu ma nan gida mun ga irinta a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta, 'Yargalma da Bagega. Can ba batir ba ne, dutsen zinare ne mai haɗe da dalma ake niƙawa a cikin gidaje, amma ƙurar ɗaya ce. Yara kusan 400 suka rasu. Sai da aka bi gida-gida ana kankare ƙasar tsakar gida ana zubo sabuwa, don likitoci sun ce ba amfanin ba yaro magani a mayar da shi kan ƙasar da ta sa masa ciwon. Iyayen nan ba wanda ya yi nufin cutar da ɗansa, abinci suke nema kamar yadda muke nema.

To ka tuna ƙanwarka da ke kawo maka abinci da azahar, wadda ke zama a kan buhun nan tana wasa da murafen batir har ka gama ci. Ka tuna wa ke wanke maka kayan aiki a gida, da kuma a wace roba ake wanke su. Da ka ce mu fasa batura, su na fara hangowa.

Yanzu ga yadda nake so a riƙa yi, kuma yawancinsa ka saba gani, dalilin ne ban taɓa zaunar da kai na faɗa maka ba. Mataccen batir a tsaye yake zama, murafensa a ɗaure, ruwansa a ciki, a kan katako, a inuwa inda ruwan sama ba ya dukansa. In za ka ɗora wani a kan wani ka sa kwali mai kauri a tsakani, don wanda muke ce wa matacce yakan rage da sauran wuta, kai ya haɗu da kai ko sifana ta faɗa a kai sai tartsatsi. Wanda ya tsage yana yoyo a cikin robar jarka da aka yanke za ka ajiye shi, ba a bokitin ƙarfe ba. In asid ya zube, ga kanwa nan a gwangwani, ba ta miya ba ce: daka ta ka barbaɗa, za ka ga yana tafasa yana kumfa, ka ci gaba da ƙarawa har ya yi shiru. Amma kanwa zafin asid kawai take kashewa, dalmar na nan, don haka abin da ka kwashe a ɗaure shi a leda mai kauri ya bi batura, kada ya bi shara. In ya fallatsar maka a ido kada ka tsaya neman kowa, ka sa ido a ƙarƙashin buta ko famfo ka yi ta kwarara ruwa minti 20, sannan a tafi asibiti. Shara kuma ba a yin ta a bushe a nan, yayyafa ruwa tukuna.

Rigar aiki da takalmin aiki a shago suke kwana, a nan ake wanke su. Kafin ka ci komai, ko gyaɗa ce ko rake, sabulu har ƙarƙashin farce. Kafin alwala ma ka fara da sabulu, don da hannun nan za ka kurkure baki ka shaƙa ruwa.

Akwai masu zuwa roƙon robar batir, wai za su zuba wa kaji ruwa ko su shuka fulawa. Ka ba su haƙuri. Akwai masu zuwa da kwalba neman ruwan batir, wani ya ce tayil zai wanke, wani ya ce masai zai zuba wa. Ko nawa ya ajiye kada ka ba shi. Ba ka san abin da ke ransa ba, kuma mun sha jin waɗanda aka watsa wa a fuska.

Maganar wanda za mu sayar wa kuwa, dillalin da ke ɗauka cikakke da ruwansa shi ne namu. Zai rage kuɗin ruwan a sikeli, na sani, na kuma yarda da wannan ragin. Ka tambaye shi inda kayan ke zuwa. Hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, ta fitar da dokar kula da batura a 2024, kuma wanda ke tattarawa ko narkawa ya kamata a ce yana da rajista. Ba zan ce maka da ya bar hannunmu an gama da matsala ba, don mutanen Ogijo a jihar Ogun, inda masana'antun narka batir suka taru, sun daɗe suna kuka da hayaƙi da ƙura, kuma hakan na damuna duk ranar da aka loda mota a ƙofar nan. Amma masana'anta tana da adireshi, hukuma na iya zuwa ta duba ta, ta ci tararta, ta rufe ta. Tukunya dubu a bayan shago dubu ba mai iya bin su. A Amurka kusan kashi 99 cikin 100 na irin waɗannan batura ana sake sarrafa su, kuma dabarar ba wata mai wuya ba ce: in ka zo sayen sabo ba ka kawo tsohon ba, sai ka biya ƙari. Shi ya sa kake gani ina rage wa kwastoma kuɗi in ya bar mana tsohon nasa. Gara ya zauna a kan katakonmu da ya koma gida ya zama kujerar tsakar gida.

Abu ɗaya da kada ka kuskure: batirin litiyom ba ya shiga cikin lodin nan. Na waya, na fawa-banki, da sababbin na sola marasa nauyi, halinsu daban, wuta suke kamawa. In ka ga ya kumbura kada ka huda shi da allura wai iska ta fita, kamar yadda na ga wasu masu gyaran waya na yi. Naɗe bakinsa da salatif, sa shi a bokitin ƙarfe mai busasshen yashi, ka kai can bayan katanga nesa da wurin caji. Ɗan ƙaramin nan mai kama da maɓallin riga, na agogo da makullin mota, in yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona maƙogwaro cikin awa biyu, don haka kada in sake ganinsa a yashe a kan tebur.

Ƙarshen wata in Allah Ya kai mu za mu je asibiti ni da kai a tambayi inda ake gwajin dalma a jini, kuɗin na wuyana. Yanzu tashi ka sa safar hannu. Biyu daga cikin na bayan shago sun tsage, na ga danshi a ƙarƙashin katako da safen nan. Yanko jarka biyu, ka ɗauko gwangwanin kanwa. Mutumin Asabar kuma in ya zo ka turo mini shi, ni zan ba shi amsa.