Baƙonka annabinka: baƙo na maigida ne ko na uwargida?

Tambaya: Malam, me ake nufi da "baƙonka annabinka"? Kuma tunda mu mata ke shan hayaƙi a madafi, don me yabon yake tafiya ga maigida?

Amsa: Malama, ana nufin ka karrama wanda ya sauka gidanka kamar manzon Allah ne, don ba ka san wa ka saukar ba. Tambayarki ta biyu ta fi nauyi, kuma tsoffin littattafan Ibraniyawa sun taɓo ta.

A Littafin Farawa, sura 18, Ibrahim yana zaune a ƙofar alfarwarsa a Mamre, rana tsaka, sai ga baƙi uku. Shi ya sheƙa ya tarye su, ya sa a kawo ruwan wanke ƙafa, ya zaɓo maraƙi mai taushi, ya tsaya a gindin itace suna ci. Saratu kuwa tana ciki tana kwaɓa mudu uku na lallausan gari. Kamar dai mu, zaure na maigida, murhu na uwargida. Amma da baƙin suka ci abincin, ita suka tambaya, albishir ɗin haihuwar kuma a kunnenta ya faɗa. Alƙur'ani ma ya kawo labarin a Suratu Hud, sai dai a can baƙin ba su taɓa abincin ba.

Wadda ta fi burge ni tana cikin 2 Sarakuna, sura 4. Wata attajira a Shunem ita ta matsa wa Annabi Elisha ya ci abinci, ita ta ce wa mijinta su yi masa ɗan ɗaki a saman soro, su sa gado da tebur da kujera da fitila. Baƙon nan nata ne, babu ja.

A nan ki lura da bambancin biki da alheri. Biki, gudummawar da mata ke kai wa juna a suna ko aure, ana riƙe lissafinsa, ana ramawa. Alheri ba shi da lissafi, shi ya sa aka ce danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Elisha ya so ya rama mata, ya ce ko ya yi mata magana da sarki ko shugaban yaƙi. Ta ce ita tana zaune cikin danginta, wato ba ta neman komai. Baransa Gehazi ne ya faɗa masa ba ta da ɗa, mijinta kuma ya tsufa. Shekara na zagayowa ta haifi namiji, ba tare da ta roƙa ba.