Katina bai kai ɗan'uwansa faɗi ba, ko an datse shi ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Chicago, ban daɗe da fara tara tsofaffin katunan 'yan wasan baseball ba. Na sayi biyu daga jerin T206, kowanne a rufe cikin robar kamfanin PSA, mai tantance ingancin kati, da makinsa. Da na jera su sai na ga ɗaya bai kai ɗayan faɗi ba. Siririn an rubuta American Beauty a bayansa. An cuce ni ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, sunan nan da ka karanta a bayan katin ya kusa amsa maka tambayarka. Katunan T206 kamfanin taba na American Tobacco ne ya fitar da su tsakanin 1909 da 1911, ana cusa su cikin kwalin sigari, bayan kowane kati yana ɗauke da tallar wata taba. Girmansu na yau da kullum shi ne faɗin inci 1 da 7/16, tsawon inci 2 da 5/8. Amma masu tallar American Beauty an san su da sirantaka tun daga masana'anta, haka aka yanko su. Da a ce naka ya yi faɗi daidai da mai tallar Piedmont ko Sweet Caporal, da shi ne abin mamaki.

Girman da ido ya saba da shi yau, inci 2 da rabi a faɗi da 3 da rabi a tsawo, sai a 1957 kamfanin Topps ya tsayar da shi. Kafin nan kowa da kiɗan da yake taka wa rawa. Na Topps na 1952 sun fi haka girma, na Bowman na 1948 kuwa 'yan ƙanana ne. Ko a cikin jeri guda akan samu bambanci, domin ana tara takardu ne masu yawa a sare su da wuƙar inji lokaci ɗaya. Babu wanda ya damu da sakin layi kaɗan a kan abin da za a ba da kyauta.

To amma tsoronka yana da tushe. Kati mai kaifin kusurwa ya fi mai dakushi maki, maki kuma shi ne kuɗi. Saboda haka 'yan damfara sukan nemi katin da ya ɗan fi girma, su aske gefensa da abin da bai kai milimita guda ba, ya fito fes kamar yau aka buga shi, kuma ya cika awo. Ka ga ke nan ma'auni kaɗai ba ya kama ɓarawo: akwai gajeren katin da ba a taɓa shi ba, akwai cikakke da aka yi wa aski.

Abin da nake duba shi ne bakin katin, da madubin ƙara girma. Yankan da ya shekara ɗari launinsa ya dafe daidai da sauran jikin takardar, kana iya ganin 'yar gashin takarda a kansa. Sabon yanka ya fi haske, ya fi santsi, wani lokaci layin ya ɗan karkace, ko kusurwa ta yi tsini kamar kunnen jemage. In fuskar kati ta sha hannu amma kusurwoyinsa huɗu kamar reza, da lauje cikin naɗi.

Maganar roba kuma, kada ka ɗauke ta hukuncin alƙali. PSA tana da ƙa'ida: katin da ta ga alamar datsa a jikinsa ba ta ba shi maki. Duk da haka katin farko da ta taɓa ba maki, a 1991, shi ne T206 mai hoton ɗan wasa Honus Wagner wanda ɗan wasan hockey Wayne Gretzky da ɗan kasuwa Bruce McNall suka saya dala 451,000. An ba shi maki 8. A 2007 ya kai dala miliyan 2.8, sannan a 2013 dillali Bill Mastro ya amsa a gaban kotu cewa shi ya datse gefensa. A 2019 ma masu tara kati sun tona asirin katuna da dama ta hanyar kwatanta tsohon hoton kati da sabo, har hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta shiga maganar.

Wannan dabarar kai ma kana iya yin ta. Shigar da lambar da ke jikin robar a shafin PSA ka tabbatar ta dace da katin, domin robar kanta ana yin jabunta. Sannan ka nemi hotunan gwanjon baya, ka duba ko ɗigo da tabon da ke katinka sun taɓa bayyana a kati mai faffaɗan gefe. In za ka kwatanta faɗi kuwa, ajiye shi kusa da wani American Beauty, ba Piedmont ba.