Na kunna ufw a sabar, bayanan mutane sun tsira?

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Ina da ƙananan manhajojin yanar gizo guda uku, duka a kwantenar Docker, wato kowace a killace da kayan aikinta. Tun da Heroku, dandalin ɗora manhajoji, ya rufe tsarinsa na kyauta a 2022 nake ta gararamba da su, yanzu dai na kama hayar sabar mai RAM giga 2, ina so in riƙe su da kaina. Wani abokina ya ce in dai ba Kubernetes ba ne, wasan yara nake yi. Ni kuma abin da ke hana ni barci, ɗaya daga cikin manhajojin na ɗauke da sunaye da lambobin wayar mutane. Na kunna ufw, katangar tsaron cikin sabar, na bar ƙofa 22 da 80 da 443 kaɗai. Wane dandali zan ɗora, kuma tsaron da na yi ya wadatar?

Amsa: Ɗan'uwa, rashin barcin nan naka yana kan hanya, amma bari mu sallami abokinka tukuna. An yi Kubernetes, tsarin sarrafa kwantenoni, ne don mai sabar da yawa da ma'aikatan da za su kwana a kansu. Kai da sabar ɗaya da manhaja uku, ko ƙaraminsa k3s ka ɗora, zai cinye maka kaso mai tsoka na RAM kafin ka tayar da manhaja ko ɗaya, sannan ka koma mai jinyarsa. Ka gaishe shi, ka wuce.

Ni Dokku zan ce ka ɗauka. Tun 2013 yake, ba shi da nauyi, kuma aikinsa irin wanda ka saba ne a Heroku: ka yi git push, ya gina, ya tayar da kwantena, nginx ya kai masa baƙi, ƙarin letsencrypt ya samo takardar shaidar HTTPS. In kuma sai ka ga allo da maɓallai hankalinka ke kwanciya, ga CapRover. Coolify ya fi su ado, sai dai shi kansa giga 2 yake nema a matsayin mafi ƙaranci, ka ga ba a bar wa manhajojinka komai ba. Ko wanne ka zaɓa, ka ƙara swap, wato wani yanki na ma'ajiyar sabar da ke tallafa wa RAM, domin lokacin gini ne RAM ke ƙarewa, ba lokacin aiki ba.

To, sai tambayarka ta biyu. A'a, bai wadatar ba, kuma wannan ne kuskuren da na gaji da gani. Kusan kullum sai wani ya nuno mini sakamakon ufw status yana murmushi, ƙofa uku rak, alhali rumbun bayanansa na nan tsirara a bainar jama'a.

Ga yadda abin yake. Ranar da ka rubuta -p 5432:5432 don buɗe ƙofar rumbun bayanai na PostgreSQL, ko ka sa irinsa ƙarƙashin ports a fayil ɗin compose, Docker ba ya neman izinin ufw. Da kansa yake shiga iptables, tsarin tace saƙonni na Linux da ufw ma ke aiki a kansa, ya rubuta dokokinsa a teburin nat. Saƙon da ya shigo daga waje tun a PREROUTING ake sauya masa adireshi zuwa na kwantenar, sai ya bi ta FORWARD. Shi kuwa ufw yana tsaye da sandarsa a INPUT, yana gadin ƙofar da ba wanda ya bi ta cikinta. Ba ƙarya ya yi maka ba, bai ga komai ba ne. Kuma in ba ka faɗi adireshi ba, Docker a kan 0.0.0.0 yake buɗewa, wato ga duk duniya. Wannan ba sirri ba ne, yana rubuce ɓaro-ɓaro a bayanan da Docker ya wallafa da kansa. Amma masu koyarwar bidiyo na minti goma, waɗanda ke kwafar fayil ɗin juna ba tare da sun karanta ba, sai su liƙa maka 5432 da 6379 da 27017, ƙofofin rumbunan bayanai na PostgreSQL da Redis da MongoDB, a ports, su ce "shi ke nan, ya tashi." Ya tashi kam.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, kwantenar MongoDB ta asali ba ta neman kalmar sirri sai in kai ka sa mata, ta Redis ma haka, har yanayin kariyarta a kashe yake zuwa don sauran kwantenoni su iya isa gare ta. An yi su ne bisa zaton suna cikin gida.

Kar kuma ka ce mini "wa ya san da ni?" Wannan maganar ta fi komai ba ni haushi. Ba mutum ne ke zaune yana neman sunanka ba. Adiresoshin IPv4 gaba ɗaya ba su wuce biliyan 4.3 ba, kuma manhaja irin masscan, in ta samu layi mai ƙarfi, cikin mintuna take ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya a kan dukkansu. Shafin bincike na Shodan ma jera abin da ya tarar a buɗe yake yi, kowa ya bincika. A farkon 2017 dubban rumbunan MongoDB aka share aka bar wa masu su takardar neman kuɗin fansa. A 2021 NewsBlur, wani shafin karanta labarai, ya faɗa wannan ramin daidai: sun mayar da MongoDB cikin Docker suna dogaro da ufw, cikin 'yan sa'o'i aka share shi, kwafin ajiya ne ya cece su. Waɗannan fa ƙwararru ne masu shekaru a harkar.

Maganin ba shi da wuya, shi ya sa abin ke da ciwo. Rumbun bayanai ba ya bukatar ports sam. In yana hanyar sadarwa ɗaya ta Docker da manhajarka, da sunansa za ta kira shi. A Dokku, postgres:link ya ishe ka, ka nisanci postgres:expose. In lallai kana son leƙa shi daga kwamfutarka, ka rubuta 127.0.0.1:5432:5432, ka shiga ta ramin SSH da ssh -L. Sannan ka kunna katangar tsaron kamfanin da ya ba ka haya, in suna da ita, domin tana wajen sabar, hannun Docker ba ya kai wa can. Mai son rubuta doka da hannunsa, sashen DOCKER-USER na iptables aka tanadar masa, nan ne Docker ke dubawa kafin nasa dokokin.

Za ka ci karo da masu cewa ka sa iptables ya zama false a daemon.json, fayil ɗin saitin Docker, wai an huta. Maganin 'yan ka-ji-ka-faɗa ne. Yakan katse wa kwantenoni hanyar fita intanet, ka wayi gari kana gyaran abin da kai ka ɓata.

In CapRover ka ɗauka, ka sani allonsa a ƙofa 3000 yake fara buɗewa da kalmar sirrin captain42, wadda duk mai kutse ya haddace. Ka canza ta a zaman farko, kafin ka tashi daga kujera. Na Coolify a 8000 yake. Da zarar ka ɗaura musu suna da HTTPS, ka toshe waɗannan ƙofofin daga katangar waje.

Kwafin ajiya kuma, a wata na'ura daban za ka ajiye shi, ka kuma gwada dawo da shi ko sau ɗaya ne, tun da bayanan nan amanar mutane ce a hannunka.

Yau da dare ka buga docker ps, ka duba layin PORTS. Duk inda ka ga 0.0.0.0 a gaban lambar da ba 80 ko 443 ba, a buɗe take, ko me ufw ya ce. Daga nan ka koma wata kwamfutar da ba a kan sabar take ba, ka buga nmap -p- da adireshin sabar taka, don ya nuna maka ƙofofin da ke buɗe. Abin da ya fito, ka turo mini mu duba tare.