Ba kamu, ba dina, walima a gidan marayu: ya halatta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An sa mana rana bayan Babbar Sallah. Ni da wanda zan aura mun yanke shawara ba lefe, ba anko, ba kamu, ba dina. A ɗaura aure, mu ɗora tukunya a gidan marayu, walimarmu ke nan. Gwaggonnina sun ce sai ka ce auren bazawara, Umma kuma ta ƙi cewa uffan. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya sanya alheri. Aure yana inganta da waliyyi da sadaki da shaidu biyu adilai, kamar yadda Ibn Abi Zaid ya kawo a Risala. Lefe da kamu da anko al'ada ce, babu zunubi a barinsu.

Walima kuwa mustahabbi ce a mazhabar Malikiyya, a kan ango, an fi so bayan tarewa. Annabi (SAW) ya ce wa Abdurrahman bin Auf ya yi walima ko da akuya ɗaya. Walimar shi kansa Annabi ta auren Nana Safiyya, a hanyar dawowa daga Haibara shekara ta 7 bayan Hijira, dabino ce da cuku da man shanu aka zuba a kan shimfiɗun fata. Hadisin Abu Huraira kuma ya kira walimar da ake gayyatar mawadata a bar talakawa mafi sharrin abinci. Niyyarku dai tana da madogara.

Sai dai walima bayyana aure ce. Idan kun ciyar da marayu kun bar dangi da maƙwabta, sadaka kuka yi. Ku gayyace su can, ko ku raba tukunyar biyu.

Shirun Umma ne ya fi tsaya mini a rai. Uwar da ta shekara ashirin tana kai gudummawa bikin 'ya'yan wasu, ranar nan take jira. Kuma shagalin mata ba haramun ba ne: a Bukhari, da Nana A'isha ta kai wata amarya gidan wani daga cikin Ansaru, mutanen Madina, Annabi ya tambaye ta ko sun yi wasa, domin Ansaru suna son wasa. Ki bar mata yini ɗaya a tsakar gida, mata zalla, a sa lalle, a ci tuwo, ba cakuɗa da maza, ba cin bashi. Dina da anko ku yar da su ba fargaba.

Wallahu a'alam.