Raket mai tsada zai gyara min wasa?

Tambaya: Malam, wata shida kenan ina buga ƙwallon tebur amma kullum lallasa ni ake yi, ko in sayi raket ɗin nan mai kabon ne, wato wanda ake sa shimfiɗar zaren kabon a tsakanin fallayen katakonsa?

Amsa: Ɗan uwa dakata tukuna. Mai kabon gudu gare shi, kana ɗan taɓa ƙwallo sai ta tsallake tebur tunda hannunka bai faɗa ba. Nemi na katako zalla mai falle 5, da roba mai soso kamar milimita 1.8, shi ne ke riƙe ƙwallo har ka ji ta a tafin hannu. Sauran aikin kuma a ƙafa da ƙugu yake, ka riƙa ɗan lanƙwasa gwiwa kana shafar saman ƙwallon maimakon maka mata, kuma don Allah ka sassauta riƙon nan, ba guduwa zai yi ba.