Amsar Kawu kan binciken asalin matarka a Kingston

Wa'alaikumus salam ɗana, na ga saƙonka tun shekaranjiya, ban amsa da wuri ba saboda ba maganar layi biyu ba ce. Ya jikin ɗiyar tawa, Allah ya raba lafiya. Ka ce Hajiya da su Gwaggo sun taso ka a gaba da tambayar wane ne asalin matarka tunda haihuwa ta matso, kai kuma abinda ka sani kawai baƙar fatar Amurka ce, kakanninta mutanen Kingston ne a gundumar Ulster ta jihar New York, sunan gidansu kuma irin na mutanen Holan ne mai farawa da Van, kana tsoron in ka tona ka ci karo da bauta a zo ana yi wa ɗanka gori a gida. Sannan ka ce shin wannan al'adar ta binciken asali ta hau kanka ne a can, in ta hau ta ina za ka fara.

Toh ta hau kanka. Amma bari in gyara maka wani abu tukuna, binciken da iyayenmu suke yi kafin aure, da za a tashi dattijo ya je garin su yarinya ya zauna ya ji halin gidan, addininsu, sana'arsu, ko akwai ciwon da ke bin jini, wannan lokacinsa ya wuce, aure ya ɗauru kuma ni shaida ne yarinyar nan mutuniyar kirki ce. Wanda ya rage shi ne na biyu, wanda akasarin mutane sun manta da shi, wato yaro ya tashi ya san dangin uwarsa kamar yadda zai san na ubansa. Akwai hadisi da ya ce mu koyi nasabarmu gwargwadon abinda za mu sada zumunci da shi, kaga ke nan don zumunci ake yi. Ɗan nan da ke tafe rabinsa Kingston ne, in ba ka nemo masa ba wa zai nemo.

Kuma ka yi sa'a da wurin, wallahi ka yi sa'a. Shekarun da na yi ina aiki a Albany na sha raka wani abokin aikina Kingston yana neman nasa kakannin, tafiyar awa ɗaya ce a mota in ka bi gefen kogin Hudson ka yi kudu, a nan na ga yadda mutanen nan suka riƙe takarda. Yankin da can ƙarƙashin Holan yake, suna kiransa New Netherland, Turawa sun fara zama a wurin a 1652 ana ce masa Esopus da sunan mutanen da suka tarar, gwamnansu Peter Stuyvesant ya sa aka kewaye garin da shingen itace a 1658, aka raɗa masa Wiltwyck a 1661, Ingila ta karɓe ƙasar a 1664 sannan daga baya garin ya koma Kingston, ita kuma gundumar Ulster aka kafa ta a 1683. Ka riƙe sunayen nan uku don za ka gansu a takardu ka zaci garuruwa daban ne alhali gari ɗaya ne. Mulkin Holan ya ƙare amma harshen bai ƙare ba, sun fi shekara ɗari bayan nan suna yinsa a gida da coci.

Kar ka fara da kwamfuta. Ka ce kakarta ta wajen uba tana raye, toh ita ce farko, ka je da kanka ka kai gaisuwa irin tamu da ɗan abin hannu, ka zauna ka bar ta ta yi ta magana kana ɗauka a waya da izininta, sunan iyayenta, sunan mahaifiyarta kafin aure, wace coci suke zuwa, wace maƙabarta aka binne su, wane aiki mazan gidan suke yi. Ka tambaya ko akwai tsohon Baibul na gidan, don su a shafukansa suke rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Kar ka ce sai bayan suna, tsoho ba a yi masa jinkiri, ni ina da tambayoyin da har yau nake cizon yatsa ban yi wa Inna ba.

Daga nan sai ka bi ƙidayar jama'a kana komawa baya taki ɗaya ɗaya, kar ka yi tsalle. Ta 1950 an sake ta a 2022 kowa na iya gani, sai 1940, 1930, haka haka. Shafukan intanet na binciken zuri'a ne za ka duba, FamilySearch kyauta ne, Ancestry da kuɗi amma laburare da yawa suna barin ka yi amfani da shi kyauta in ka je can. Ta 1890 wuta ta cinye kusan dukkanta, kar ka ɓata lokaci, amma jihar New York tana yin tata ƙidayar daban irin ta 1855 da 1865 da 1875, kuma ta 1855 ɗin nan zinariya ce saboda tana faɗin gundumar da aka haifi mutum. A nan za ka tabbatar ko da gaske tsofaffin 'yan Ulster ne, don baƙaƙen fata da yawa daga kudancin Amurka suka hau daga baya aikin buga bulo a bakin kogin, in haka ne hanyar za ta juya wani wajen. Ka kuma sani jihar ba ta fara rajistar haihuwa da mutuwa sosai ba sai wajen 1880, kafin nan coci ce take riƙe da komai.

Cocin da nake nufi ita ce Old Dutch Church da ke tsakiyar tsohon garin, an kafa ta 1659, littafin baftisma da na aurenta ya fara tun 1660, wani mutum Roswell Randall Hoes ya kwafe su daga 1660 zuwa 1809 aka buga a 1891, yanzu yana intanet kyauta. A nan ne kai Bahaushe ka fi Ba'amurke saurin ganewa, ni abin ya ba ni mamaki ranar farko. Mutanen Holan na lokacin akasari ba su da sunan gida tsayayye, sunan uba suke ɗorawa kamar mu, ɗan Jan ya zama Jansen, in sunansa Pieter to shi Pieter Jansen ne, ɗansa kuma ya zama Pietersen, daidai da Musa Ibrahim ya haifi Sani Musa. Abokina ya yi wata guda yana neman inda gidansu ya ɓace, na ce masa ai bai ɓace ba sunan uban ne ya sauya. Shi kuma Van ma'anarsa daga, Van Buren wato daga garin Buren, kamar yadda namu suka ɗauki sunan gari a makaranta aka samu Shehu Shagari da Aminu Kano da Tafawa Balewa. Shi Martin Van Buren ɗin, shugaban Amurka na takwas, a Kinderhook aka haife shi can tsallaken kogin, kuma harshen Holan ya fara ji kafin Turanci.

Takwara ma suna yi. Ɗan fari sunan kaka, 'yar fari sunan kaka, a bi ɓangaren uba a bi na uwa, in yaro ya rasu a mayar wa na bayansa sunan, don haka in ka ga Maria biyu a gida ɗaya ba kuskure ba ne ta farkon ce ta rasu. Mace a littafin coci da sunan gidan ubanta ake rubuta ta ko bayan aure, wannan ma kamar mu. Sannan a yawancin baftisma akwai shaidu, kar ka tsallake su, yawanci kawu ne ko gwaggo ko kaka, da su ake ɗinke gida. Kuma rubutun suna ba shi da tsayayyen tsari, Jan ya koma John, Jacobus ya koma James, Grietje ta koma Margaret, Tryntje ta koma Catherine, mutum ɗaya ka gan shi da fuska uku. In ka ga sunaye irin Hasbrouck ko DuBois ko LeFevre waɗannan Faransawa ne da suka gudo saboda addini suka kafa New Paltz a 1678, sun cakuɗe da mutanen Holan ta aure, takardunsu suna gidan tarihin Historic Huguenot Street da ke New Paltz ɗin.

Yanzu maganar da ke cin ranka. Eh, mai yiwuwa ne ƙwarai ka tarar da bauta, ba zan ɓoye maka ba. Mutane sun ɗauka kudancin Amurka ne kawai, alhali gonakin Ulster da bayi aka noma su, kuma sunan Van a gidan baƙar fata zai iya zama na gidan da aka bautar da kakanninsu, zai iya zama na jini, zai iya zama duka biyun, ko ma na wanda ya taimake su. Ka san Sojourner Truth, matar nan da ta yi yaƙi da bauta, 'yar gundumar ce, an haife ta wajen 1797 sunanta Isabella, harshen Holan kaɗai take ji tana ƙarama, aka sayar da ita tana wajen shekara tara haɗe da garken tumaki a kan dala 100. A 1826 ta fice da jaririyarta a hannu ta sauka gidan wasu mutane Van Wagenen suka karɓe ta, ta ɗauki sunansu, a 1828 ta shiga kotu a nan Kingston ta ƙwato ɗanta Peter da aka sayar Alabama ba bisa doka ba, kuma takardun shari'ar sai a 2022 aka gano su a ma'ajiyar takardun jiha da ke Albany. Duk lokacin da na tuna matar nan tsaye gaban alƙali a kan ɗanta sai in ji idona ya kawo ruwa. Wace uwa a zuri'armu za ta ƙi a ce jininta ne wannan?

Ga inda za ka nemi irin waɗannan. Kafin 1850 ƙidaya sunan maigida kawai take rubutawa, bayi kuwa lamba ce ba suna, don haka sai ka koma takardun masu gidan. Wasiyyoyi da lissafin gado suna kotun gado ta gundumar, tun 1787 aka kafa irin kotunan nan, a ciki za ka ga an bar wa 'yar gidan baiwa wance da sunanta ɗaya tal a jere da gado da tukwane, abin ba daɗin karantawa, ka shirya zuciyarka kuma kar ka bar matarka ta karanta ita kaɗai da cikin nan. Dokar 1799 ta ce duk ɗan da baiwa ta haifa bayan 4 ga Yuli na shekarar zai 'yantu amma sai ya yi wa uban gidan uwarsa aiki, namiji har shekara 28 mace 25, kuma dole a rubuta haihuwarsa wurin akawun gari, toh waɗannan littattafan suna ba da sunan yaro da sau da yawa na uwarsa. Bauta ta ƙare a jihar ranar 4 ga Yuli 1827, shi ya sa daga ƙidayar 1830 za ka fi ganin su a matsayin masu gidan kansu. Ofishin akawun gundumar Ulster a Kingston yana da takardun filaye da tsofaffin littattafan kotu tun na zamanin Holan, an fassara su Turanci, ka aika musu saƙo kafin ka je ka faɗi suna da shekarun da kake nema. Akwai kuma tsohuwar maƙabartar bayi a titin Pine, ku je ku tsaya ko da ba ku samu suna ba.

Na Albany sai in hanyar ta kai ka can baya sosai. Gobarar majalisar jiha ta 1911 ta ƙona takardu da yawa, amma shafuka wajen 12,000 na zamanin Holan sun tsira, wasu da baƙin wuta a gefensu, wani masani Charles Gehring ya fara fassara su tun 1974, ana samun fassarar a shafin New Netherland Institute. Abu ɗaya nake roƙonka, kar ka kwafi bishiyar zuri'a da wani ya liƙa a intanet ka ce ka gama, duk sunan da za ka rubuta ka rubuta takardar da ka gan shi a gefe, inda ba ka da tabbas ka bar wurin fili.

Su Gwaggo kuwa ka bar ni da su. Mu da muke tambayar asalin mutane, a Arewa sai 1936 aka soke bauta a doka, fiye da shekara ɗari bayan New York, kuma gidaje nawa ne a garinmu in aka tona kaka ta uku ba za a tarar da ƙwarƙwara ko wadda aka kamo a yaƙi ba, har gidajen sarauta. Wanda aka sayar ba shi ya yi abin kunya ba. Ayar Hujurat ta ce an sanya mu dangogi da ƙabilu don mu san juna, mafi daraja wurin Allah shi ne mafi taƙawa, su ma sun haddace ta, zan tuna musu da kaina ranar Juma'a in na je gaida Hajiya.

Ka sayi littafi mai kauri, gefe ɗaya ka rubuta nasu gefe ɗaya namu, namu zan aiko maka da shi har kaka na biyar da garuruwan da suka zauna, na riga na fara tambayar Baffa abinda ya rage. In Allah ya kawo mace ku duba ko akwai sunan wata kakar a wajenta da za a haɗa da namu, ba laifi yaro ya ɗauki biyu. Duk abinda kakar tata ta faɗa maka ka turo min in ji, musamman sunan cocin da maƙabartar, daga nan zan gaya maka ƙofar da za ka fara ƙwanƙwasawa. Ka gaida min ɗiyata da kyau.