Amsa ga kishiyata a kan maganar aske gira

Kishiya, saƙonki ya iso. Ƙaninki ya karanta mini bayan la'asar, na yi dariya har goro ya sarƙe ni, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Wai mai kwalliyar da kika ɗauka ta ce sai ta sa reza ta kwashe miki gira kafin ranar kamu ta zana sabuwa, wai haka ake yi wa amare tun kaka da kakanni. Shi ne kike tambaya ko gaskiya ne, kuma wace irin jagira za ki saya. To ni ce kakar, kuma ban san da wannan zance ba.

Mu da muka taso a Garwa ta ƙasar Kamaru, kayan adon fuskarmu ba su cika tafin hannu ba. Tandun kwalli da tsinkensa, sai katambiri da muke ɗiga wa goshi da kumatu ranar salla. Kwallin dutse ne mai walƙiya, a saya wurin 'yan koli a niƙa har ya yi laushi. Wanda ya rage a bakin tsinke bayan an zizara wa ido, shi ake ɗan shafawa a gira, shi ke nan. Jagira ta kanti daga baya ta zo, kuma mai ita abar kallo ce a unguwa.

Bari in ba ki labarin bikin 'yar baffana. Zamanin shugaba Ahijo ne, 1974, shekarar da jirgin ƙasa ya iso Ngaundare. Wata ƙawarta da ke aure a Duwala ta hawo jirgin nan, ta ƙaraso da mota, da jakarta cike da hoda da jan baki. Bazara ce ta gaske, irin wadda kogin Binuwai ke janyewa ya bar yashi, randa ma ruwanta ɗumi. Daren ƙunshi, amarya hannu da ƙafa a ɗaure cikin lalle ba ta da ta cewa, ƙawar nan ta fito da reza ta share mata gira tas, ta ja baƙin layi siriri har kusan kunne. Mu yara muna riƙe da fitilar ƙwai muna ta sha'awa.

Washegari aka zo wankan amarya. Tsohuwar alwanka ta zuba ruwa, ta murza fuska da sabulun salo, ta ɗago haɓar yarinya, sai ta saki ƙwarya ta yi salati: ina girar 'yar mutane? Mai guɗa ta haɗiye guɗarta. Aka nemi ƙawa, ta tafi kasuwa da jakarta, ga motar ɗaukar amarya a ƙofar gida. Wata gwaggo ta kwaɓa kwalli da man shanu ta zana abin da ya samu, aka lulluɓe ta da sabuwar atamfar masaƙar CICAM aka tafi. Ki haɗa zafin nan da lulluɓi da kukan rabuwa da gida. Da aka zo buɗar kai gaban dangin miji, baƙi ya gangaro ta gefen hanci har leɓe, goshi kuwa fayau. Uwar miji, Allah ya jiƙanta, ba ta ce uffan ba, ta sa bakin zanenta ta goge mata. Amma ƙannen miji sun samu abin tsokana har ta yi jikoki, kuma girar hagu ba ta sake cika ba. Da labari ya dawo gida, kakarmu cewa ta yi, ai garin neman gira akan rasa ido, ku gode Allah a girar abin ya tsaya.

Akwai kuma abin da ya fi dariya nauyi. Mahaifinmu yakan karanto mana hadisin Ibn Mas'ud da ke cikin Buhari da Muslim, wanda aka la'anci mai tsige gira da wadda ake tsige mata. Malamai sun yi dogon bayani a kai, har da batun matar aure da mijinta, amma wannan ki kai wa malaminku na Islamiyya, ba fagena ba ne. Ki tambaye shi har da jagirar nan mai maiƙo da ruwa ba ya ratsawa, yadda za ki yi da alwala.

Jagira dai ba ni hana ki, ni ma na ja, sai lokacin takabar kakanki, wata huɗu da kwana goma, da na ajiye ta tare da kwalli. Kada ki sayi baƙa ƙirin. Nemi ruwan ƙasa mai duhu, wadda ba ta kai gashinki baƙi ba, don a fatarmu baƙar tana tsawa tun daga nesa. Ki gwada a bayan hannu ki murza da yatsa: in ta baje da sauri, ta ido ce, mai laushi, kuma zufar ƙasar nan za ta narkar da ita kafin azahar. Mai ɗan tauri kike so, a fiƙe ta sosai. Goge maiƙon fuska tukuna, ki taje girar sama ki ga inda gashi ya yi giɓi, can kaɗai za ki cike, da gajerun zane masu bin kwanciyar gashi. Wajen hanci ki sassauta hannu, wajen wutsiya ki ɗan ƙara. In kika jingina jagirar daga gefen hanci zuwa ƙarshen ido, inda ta nuna nan gira ke tsayawa. Sannan ki fita tsakar gida da madubi, hasken ɗaki maƙaryaci ne. Da dare a wanke, kuma ba a aron ta, ciwon ido ta nan yake yawo.

'Yan matan yanzu kuwa, kowace da girar ƙawarta, fiffiken shaho guda biyu a goshi, har ban gane 'yar wa ke gaishe ni. Da can da gira muke cewa wannan jinin gidan wane ce. Taki irin ta ubanki ce, mai kauri, ta kusa haɗewa.

Af, kwallin dutsen da na ambata, likitoci sun ce akwai dalma a cikinsa, in Allah ya kawo haihuwa kada a zizara wa jariri yadda muka yi muku. Ki faɗa mini jaka nawa matar nan ta ce za ta karɓa, kuma ki ce wa uwarki ta kira ni, har yanzu ban ji an yi maganar humra da turaren wuta ba.